Yadda Ake Farautar Raunanan Siginar Rediyo a Dogon Zango Daga Zariya

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kama BBC Hausa ko Rediyon Kaduna ya san gajeren zango da matsakaicin zango. Idan ka murɗa akwatin rediyo zuwa ƙasan matsakaicin zango, allura takan tsaya a wajen kilohaz 530, sai mutum ya ɗauka iyakar rediyo ke nan. Alhali ƙasa da nan akwai fili mai faɗi da ba kowa ke leƙawa ba. Can ne tashoshin saita agogo na Turai suke, da ragowar gidajen rediyon dogon zango, da na'urorin da ke nuna wa jiragen sama hanya, da wasu 'yan guraben da aka keɓe wa masu rediyon sha'awa, wato mutanen da ke riƙe da lasisin gwaji da sadarwa ba don neman kuɗi ba.

Guraben nasu biyu ne. Ɗaya daga kilohaz 135.7 zuwa 137.8, ana ce masa zangon mita 2200, babban taron rediyo na duniya na 2007 ne ya ba su shi. Ɗayan daga kilohaz 472 zuwa 479, zangon mita 630, an ba su a taron 2012. Ƙarfin da aka yarje wa eriyarsu ta fitar wat ɗaya ne tak, wasu ƙasashe sukan kai biyar a mita 630. Ka lissafa: wat ɗaya, daga bayan gidan wani a Jamus ko Sifaniya, ya ƙetare Bahar Rum da Sahara ya iso Samaru ko Tudun Wada. Abin da zai iso kunne ba ya jin sa, sai kwamfuta ta tono shi daga cikin hayaniya. Wannan tonon shi ne aikin da zan bi da kai daki-daki. Sauraro kawai za mu yi. Watsa sigina sai da lasisin hukuma, kada ka taɓa shi ba tare da takarda ba.

Fara da kashe hayaniyar gidanka

Kafin ka kashe ko kwabo, yi wannan. Nemi ƙaramar rediyo mai batir, ka kai ta ƙasan matsakaicin zango inda babu tasha, ka buɗe murya. Za ka ji "zzzz" ko "gurrr" mai kauri. Je ka sauke babban makunnin wutar gidan gaba ɗaya, ka kashe inbata, ka cire wayar sola daga na'urar da ke cajin batir. Idan ƙarar ta faɗi, to abokin gabarka a gida yake kwana. Sai ka riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya kana saurare: cajar waya, ƙwan fitila na LED, talabijin, dikoda, fanka mai caji, cajar laftof. Wanda ka kunna ƙarar ta dawo, ka rubuta sunansa. Yawanci za ka tarar ƙananan cajoji masu arha da inbata su ne kan gaba, don suna yanka wuta sau dubbai a daƙiƙa guda, ɓurɓushin yankan kuma yana bin duk wayoyin gida yana watsuwa daidai cikin mitocin da muke nema.

Na daɗe a wannan mataki da gangan, domin nan ne aikin ke ci ko ya faɗi. Mutumin da ke da rediyo mai tsada a ɗakin da inbata ke gurnani bai kai wanda ke da madaidaiciya a bayan gari ba. A ƙananan mitoci, raunin na'ura ba kasafai yake hana ka ji ba. Hayaniyar da ke kewaye da kai ce ke rufe maka kunne, kamar mai son jin raɗa a tsakiyar kasuwar Sabon Gari.

Ɗauke wuta na iya zama alheri a nan. Mintunan farko bayan an ɗauke, kafin maƙwabta su tada janareta, sukan zama mafi tsabta a daren. Amma a unguwar da kowane rufi ke da sola, ƙarar ba ta tafiya ko babu wuta. Ɗauki rediyon ka zagaya tsakar gida, da bayan ɗaki, da gindin katanga, ka gano lungun da ya fi shiru. Nan eriya za ta zauna. Idan gidan duka bai yi ba, ka yi tunanin gonar wani ɗan'uwa ta wajen Shika ko Giwa, nesa da manyan wayoyin lantarki. Kuma don Allah, kafin ka je gona da dare da kwamfuta da wayoyi, ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri abin da kake yi, ku tafi ku biyu, ka kuma nisanci bariki da filin jirgi. Zamanin da muke ciki ya wajabta haka.

Abin kamawa

Rediyon hannu mai LW, wato dogon zango, da SSB, wato tsarin kama siginar masu rediyon sha'awa da ta Mos, irin Tecsun PL-660, ta isa ka fara jin manyan tashoshi. Amma don raunanan sigina ka fi buƙatar SDR, ƙaramar na'urar da ake soka wa kwamfuta ta USB, manhaja ta yi sauran aikin. Airspy HF+ Discovery da SDRplay RSPdx duka suna sauka har ƙasa da kilohaz 10, kuma sun yi suna a wannan fage. RTL-SDR mai arha da aka fi sani tana tsayawa ne a wajen kilohaz 500, don haka kada ka saye ta saboda wannan aiki. Laftof kuwa ko tsohuwa ce ta yi, muddin batirinta na riƙe caji, don da cajarta a jone ba za ka ji komai ba. Idan dare zai yi tsawo, ka ciyar da ita daga batirin mota ko na sola kai tsaye, ka gwada na'urar da ke tsakani ka tabbatar ita ma ba ta ƙara.

Haɗa eriyar zobe

Tsawon zango a kilohaz 137 ya kusa mita 2,200, rubu'insa ma ya haura mita 500, ba wanda ke da filin shimfiɗa wannan a cikin gari. Sa'ar mai sauraro ita ce ƙaramar eriya ta wadatar. Akwai ta sanda mai ƙaramin amfilifaya, Mini-Whip, wadda wani ɗan Holan mai lambar kira (lambar da hukuma ke ba mai lasisin rediyo) PA0RDT ya ƙirƙira; tana da kyau a fili mai shiru, amma a cikin unguwa takan kwashi duk ƙazantar lantarkin da ke kusa. Ni zobe nake ba mutumin Zariya shawara, saboda ana juya shi a kawar da hayaniya, kuma kafinta da mai gyaran rediyo sun isa su haɗa maka.

Ka sa kafinta ya yi maka giciye na katako biyu, ya kafa ɗan allo mai faɗin santimita 12 a kowane baki huɗu, yadda idan waya ta zagaya za ta ba da murabba'i mai mita ɗaya kowane gefe. A yi wa allunan tsaga 14 da zarto, a rarraba su cikin santimita 10. Kada a cika ƙusoshi, gam da turakun katako sun fi. Sayi wayar tagulla mai rufi, siririyar wayar wayarin ma ta yi, kamar mita 60. Naɗa zagaye 14, kowane zagaye a tsagarsa, ka ja ta miƙe kada ta yi lanƙwasa. Wannan naɗin zai ba ka wajen maikrohenri 470, ma'aunin da ake auna naɗin waya da shi.

Sai ka je wurin mai gyaran rediyo ka ce, "Malam, ina neman kwandansan murɗa tasha na tsohuwar rediyo, mai faranti-faranti na ƙarfe." Wanda ya kai fikofarad 365 ake so. Haɗa bakin wayar biyu a ƙafafunsa biyu. Da shi kaɗai zoben zai kama daga wajen kilohaz 370 zuwa cikin matsakaicin zango, ke nan mita 630 ta shiga. Idan ka ƙara kwandansa mai fikofarad 470 a gefensa, zai sauka zuwa wajen 250. Don kilohaz 137 kuma, sai ka fitar da mai 470 ka shigar da mai 2,700. Ka sa ƙananan makunnai ka riƙa shigar da su kana fitarwa. Waɗannan alƙaluma na lissafi ne, naka zoben zai ɗan saɓa, ka ƙara ko ka rage har ya zauna.

Kada ka haɗa rediyo kai tsaye da wannan naɗin. Yi wani zagaye guda ɗaya daban a cikinsa, 'yan santimita kaɗan daga babban naɗin, bakinsa ɗaya ya tafi tsakiyar wayar dish, ɗayan ya tafi ragarta. Wayar dish ɗin ita za ta kai sigina ɗaki. Kusa da rediyo, ka naɗa siririyar kebul sau goma ko fiye a zoben ferayit, wani baƙin zobe mai kama da maganaɗisu, don tare hayaniyar da ke bin bayan waya daga kwamfuta zuwa eriya. Ana samun irin zoben a matattun akwatunan wutar kwamfuta, amma ka lura: mai launin rawaya da fari garin ƙarfe ne, ba ya wannan aiki. Ka ɗauki wanda aka naɗa wa wayoyi biyu a gefe da gefe kusa da mashigar wuta.

Zobe yana ji ne ta gefensa, wato ta inda siririn bakinsa ya nuna, yana kuma kurmancewa ta fuskarsa. Turai tana arewa da mu, Jamus ma kusan saitinmu take sak. Ka fuskanci alƙibla, hannunka na hagu ya nuna maka arewa kusan-kusan, sai ka tsayar da zoben bakinsa ɗaya arewa ɗaya kudu. Daga nan ka riƙa juya shi kaɗan-kaɗan. Sau da yawa wurin da hayaniyar maƙwabci ta mutu ya fi wurin da sigina ta fi ƙarfi amfani, ko da ka karkace daga arewa da ɗan dama.

Gwajin farko da rana ake yi: ka kama wata tashar Kaduna ta ƙasan matsakaicin zango, ka murɗa kwandansa a hankali. Idan ka iso wani wuri ƙarfi ya yi tsalle sama, ka wuce ya faɗo, zobenka na aiki. Wannan kaifin nasa kuma shi ke kare SDR daga cushewa da ƙarfin waɗannan manyan tashoshi na kusa.

Lokaci

Da rana, hasken rana yana kunna wani sashe na sararin samaniya, tsakanin kilomita 60 zuwa 90 sama, wanda ke shanye waɗannan mitoci. Bayan faɗuwar rana sashen yana gushewa, sigina ta samu ta dunguri sashen da ke sama da shi ta dawo ƙasa can nesa. Don haka ake so duk hanyar, daga mai aikawa zuwa gare ka, ta kasance cikin duhu. A Disamba rana na faɗuwa a Zariya bayan ƙarfe 6 kaɗan, alhali a Jamus ta faɗi tun wajen 4:30, kuma a watannin sanyi agogonmu da nasu ɗaya ne. Ke nan daga bayan magariba har asuba ƙofar arewa a buɗe take. Mai kwaɗayin Amurka sai ya jira tsakar dare zuwa ketowar alfijir, ya juya zobe arewa maso yamma.

Damina lokacin hutu ce. Kowace walƙiya tana fesa ƙara a ƙananan mitoci har nisan dubban kilomita, daga Mayu zuwa Oktoba kuwa hadari ba ya rabuwa da yankinmu. Za ka ji "ƙaras, ƙaras" ba ƙaƙƙautawa. Ga haɗarin aradu: da ka ga hadari ya haɗo, cire kebul daga rediyo ka fitar da bakinsa waje. Hunturu shi ne kakar wannan aiki, Nuwamba zuwa Fabrairu, dare ya yi tsawo a Turai, tsawa ta koma kudu. Ko a lokacin akwai ƙarar hadarin yankin Kwango da ke isowa, amma da sauƙi. Hunturu na da nasa sharrin: busasshiyar iska mai ƙura tana tara caji a kan doguwar waya har ta tartsa ta ƙona bakin SDR. Zobe bai cika wannan matsala ba. Mai amfani da doguwar waya ko Mini-Whip lallai ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya haɗa, ya riƙa zuba mata ruwa da yamma, don jar ƙasarmu idan ta bushe ƙamas ba ta ɗaukar wuta.

Hau tsani daga masu ƙarfi

Kada ka fara da wat ɗaya. Fara da kilohaz 252, gidan rediyon Aljeriya mai Faransanci da ke watsawa daga Tifaza, kusan kilomita 2,900 daga nan. Da can yana raba mitar da rediyon Ailan, amma wannan ya rufe a Afrilun 2023. Sai kilohaz 171, Medi 1 daga Nador ta Maroko. Gidajen dogon zango suna ta rufewa a 'yan shekarun nan, don haka idan ka ji ɗaya shiru kada ka yanke hukunci a kan eriyarka da shi kaɗai. A kilohaz 162 akwai tashar Aluwi ta Faransa, wadda ta daina shirye-shirye a ƙarshen 2016 amma ta ci gaba da aika siginar saita agogo. Ba za ka ji magana ba, layi tsaye za ka gani a allon kwamfuta.

Mataki na gaba, DCF39 a wajen kilohaz 139 daga Jamus da HGA22 a 135.6 daga Hangari. Kamfanonin lantarki ke amfani da su wajen sarrafa mitocin wutar lantarki da fitilun titi daga nesa, kuma da yake sun sa gurbin mita 2200 a tsakiya, masu wannan harka sun mai da su ma'auni. Daren da ka ga sun fito ɓaro-ɓaro, hanya ta yi kyau. Daren da ba ka gan su ba, kada ka sa rai da ƙananan. Ka riƙa rubuta ƙarfinsu a littafi da sa'a da kwanan wata, cikin makonni kaɗan za ka san halin unguwarka. Akwai kuma DCF77 a kilohaz 77.5 kusa da Farankfot, kimanin kilomita 4,300, mai buga daƙiƙa ɗaya-ɗaya, sai dai zoben na buƙatar ƙarin kwandansa kafin ya sauka can.

Tsakanin wajen kilohaz 190 zuwa 535 kuma akwai NDB, na'urorin da ke maimaita haruffa biyu ko uku da Mos, rubutun ɗigo da ja na sauti, dare da rana don jiragen sama su gane inda suke. A hankali suke bugawa, ko ba ka iya Mos ba za ka rubuta ɗigo da ja ka duba jadawali. Garin da ke da kwalejin koyon tuƙin jiragen sama tun 1964 ba ya rasa malamin da zai yi maka bayaninsu.

Saita kwamfuta don WSPR

Yanzu mun zo kan raunanan. Farfesa Joe Taylor, mai lambar kira K1JT, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziya a 1993, shi ya fito da tsarin WSPR a 2008. Mai aikawa yana tura abu uku kacal, lambar kiransa da wurinsa da ƙarfinsa, amma yana jan su har kusan daƙiƙa 111 a cikin faɗin da bai wuce haz 6 ba. Saboda wannan jan da ƙuntatawar, kwamfuta na iya karanta siginar da ta nutse har wajen desibel 28 ƙasa da hayaniya. Sannu ba ta hana zuwa.

Sauke manhajar WSJT-X, kyauta ce. Sauke VB-Cable, wadda ke ɗaukar sauti daga manhajar SDR ta miƙa wa WSJT-X a cikin kwamfuta ɗaya. A manhajar SDR zaɓi USB (a nan nau'in SSB ake nufi, ba mashigar kwamfuta ba), faɗin tacewa kamar haz 2,500, ka sa mita a kilohaz 474.2 daidai don mita 630, ko 136.0 don mita 2200. Siginonin za su bayyana a wajen haz 1,500 na sauti. Murɗa kwandansan zobe har hayaniya ta kai ƙololuwa a wurin, ka bar shi. A WSJT-X zaɓi WSPR, zaɓi zangon, ka nuna VB-Cable a matsayin mashigar sauti. Wurin da ake tambayar inda kake ka rubuta JK31, shi ne murabba'in da Zariya ta faɗa a taswirar masu rediyo. Wurin lambar kira, wanda ba shi da lasisi ya sa wata alama tasa ta mai sauraro, kada ya ari lambar wani. Daidaita ƙarfin sauti ma'aunin gefe ya tsaya a kore, kada ya taɓa ja.

Agogo shi ne abin da ke kayar da sababbi. Kowane zagaye na farawa ne a farkon minti mai cika biyu-biyu, idan agogon kwamfutarka ya kauce da fiye da daƙiƙa ɗaya ko biyu za ka ga layuka a allo amma ba abin da zai fassaru. Kafin ka fara, jona intanet ka sabunta agogo, ka duba a time.is, sannan ka nisanta wayar daga eriya.

Daga nan sai haƙuri. Bar ta ta kwana tana aiki. Idan Allah ya sa an dace, da asuba za ka tarar da layi ɗauke da sa'a a agogon UTC, wanda muke gaba da shi da awa ɗaya, sai lamba irin -27, sai lambar kira, da murabba'in mai ita, da ƙarfinsa, da nisan kilomita. Ƙarfin da dBm ake rubuta shi: 30 wat ɗaya ne, 37 wat biyar. Farkon lambar kira na gaya maka ƙasa: EA Sifaniya, F Faransa, I Italiya, G ko M Ingila, DL ko DK Jamus, PA Holan, namu na Najeriya 5N. Idan ka ga baƙuwar lamba da wurin da ya faɗa tsakiyar teku, ta fito sau ɗaya ba ta sake ba, hayaniya ce ta ruɗi kwamfuta, kada ka yi shelarta. Ka fara da mita 630, ta fi yawan masu aikawa kuma eriyoyinsu sun fi fitar da ƙarfi. Mita 2200 daga nan babban dutse ne, kana iya shafe darare ba ka ga komai ba, wannan ba alamar ka yi kuskure ba ce.

Ka kunna zaɓin tura rahoto zuwa WSPRnet, shafin intanet da ke tattara rahotannin masu sauraro. Idan ka buɗe taswirarsu za ka ga Turai da Amurka cike da ɗigo, Afirka ta Yamma kuwa kusan fayau. Mutumin da ya sha wahalar gina eriya a bayan gidansa ba shi da hanyar sanin ko siginarsa na ƙetare Sahara sai an samu mai saurare a wannan gefen. Wannan ne ya sa nake ganin rahoto ɗaya daga JK31 ya fi ɗari daga inda masu sauraro suka yi yawa, nake kuma fatan ɗaliban injiniyan lantarki na Jami'ar Ahmadu Bello su rungumi abin.

Idan hannunka ya faɗa, WSJT-X tana da FST4W, wanda aka yi musamman don waɗannan zanguna, da zagaye na minti 2, 5, 15 har 30. Gwargwadon tsawon zagaye, gwargwadon zurfin da yake tonowa, amma dole mitar na'urarka ta tsaya cik, don haka ka kunna SDR ta yi ɗumi rabin awa, ka rufe ta daga iskar asuba. Akwai kuma QRSS, Mos da ake ja har ɗigo ɗaya ya ɗauki daƙiƙa 3 ko 60; da ido ake karanta shi a manhajar Argo ko Spectrum Lab.

Can ƙasa sosai, a kilohaz 17.2, akwai SAQ ta Girimeton a Suwidin, tashar da aka gina a 1924 wadda injin ƙarfe mai juyawa ke haifar da siginarta, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2004. Sau ƙalilan ake tada ta a shekara, galibi wajen farkon Yuli da safiyar 24 ga Disamba, suna kuma sanar da sa'ar tun kafin ranar. Ta Disamba ce ta dace da mu tunda ta faɗo cikin hunturu. Wannan ko SDR ba ta buƙata: katin sautin kwamfuta da ke ɗauka a kilohaz 48 yana ji har 24, sai ka haɗa masa zobe mai zagaye da yawa, ɗari ko fiye na siririyar waya, ta mashigar makirfo, ka buɗe Spectrum Lab, ka fita bayan gari da laftof a kan batir tun kafin ƙarfe 8.